Marigayi Mai Rake

In ka sauka a tashar Tudun Wada ka tambayi Ukasha, za a dube ka a ce wane Ukasha. Amma in ka ce Marigayi kake nema, ko ɗan acaɓa zai nuna maka gindin dalbejiyar da ke bakin hanyar Doguwa, inda wani dogon mutum mai furfura a gemu yake tsaye gaban baro yana kankare rake. Lafiyarsa ƙalau. Da damina yana noman masara a Burumburum, da rani ya hau babur ya zo tasha ya buɗe baronsa. Marigayin dai shi ne sunansa, kuma yana amsawa.

Ba da wannan sunan aka yanka masa rago ba. Shi ne ɗan farin Inna Kaltume, mace mai alkunya irin ta mutanen da, wadda ba ta kama sunan ɗan fari ko da wasa. "Kai" take ce masa. In labarinsa take bai wa maƙwabta, sai ta ce "wancan". Har ya yi gemu bai taɓa jin yadda sunansa yake fita daga bakin uwarsa ba, kuma bai damu ba, don duk gari suna kiransa da shi.

Abin da Allah ya ba shi murya ce. Tun yana firamare, in za a yi wasan kwaikwayo shi ake bai wa alƙali, saboda in ya ce "Kotu ta yi shiru" har malamai sai sun gyara zama. Da fina-finan Hausa suka fara zuwa gidan kallo a kaset, Ukasha ya zama ɗan gaban benci. Yana kallon fim sau ɗaya ya haddace maganar jarumin. Washegari a gona zai dogara fartanya, ya fuskanci masara, ya zazzage mata maganar tas, har da inda ake sassauta murya a share hawaye. Masu wucewa zuwa fadama sukan tsaya su saurara. Wasu su ce, "Ukasha, ai kai birni ya kamace ka." Ya riƙe wannan maganar fiye da yadda masu ita suka nufa.

Wata shekara aka ce 'yan fim sun zo Tiga ɗaukar aiki a bakin ruwa. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi. Ya iske an tsaya cak, ana ta musu. A labarin akwai mutumin da ruwa ya ci, za a naɗe shi a likkafani a ɗora a makara, kuma duk 'yan wasan birni sun ƙi, ba mai son a sa masa likkafani da ransa. Daraktan ya waiga cikin 'yan kallo, idonsa ya faɗa kan dogon mutum siriri.

"Kai mai farar riga, kana son fitowa a fim?"

"Ranka ya daɗe, shi ya kawo ni. Ina da murya, in ka ba ni dama in..."

"Za a zo kan murya. Kowa daga nan yake farawa. Kwanta."

Ya kwanta. Ya iya riƙe numfashi, cikinsa bai motsa ba, ƙuda ya sauka a babban yatsansa bai ko girgiza ba. Da darakta ya ce kat, wato a tsayar da ɗauka, mai kyamara ya ce, "Kai, wannan gawar ta iya mutuwa!" Ukasha ya dawo gida da wannan yabon kamar an naɗa masa rawani.

Ranar da fim ɗin ya iso gidan kallo na Burumburum, ya gayyaci kowa. Aka zo wurin, aka nuno makara. Ba a ga komai nasa ba sai tafin ƙafa. Labaran mai faci, abokinsa tun na ƙuruciya, ya miƙe tsaye yana nuna talabijin.

"Wallahi ƙafar Ukasha ce! Ga fason nan, na san shi! Jama'a, ku yi wa Marigayi addu'a."

Aka kwashe da dariya, har da Ukasha. Ya ɗauka dariyar yini ɗaya ce.

Kafin a cire masarar shekarar, yara sun daina cewa Ukasha. Sannan samari, sannan dattawan majalisa. Wata rana a gidan suna wata mata ta miƙo wa Inna Kaltume ƙwaryar fura ta ce, "Ungo, uwar Marigayi." Inna ba ta karɓa ba. Ta yafa mayafinta ta taho gida, ta iske maza zaune a ƙofar zaure ana hira, ɗanta a cikinsu. Ta tsaya a gabansu.

"Ukasha."

Bai waiga ba. Bai san muryar da sunan sun taɓa haɗuwa ba.

"Ukasha na ce!"

Wani tsoho ya sunkuyar da kai, don bai taɓa ganin mace irin Kaltume ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a ba.

"Ina ɗaki ina ji liman ya raɗa maka suna," in ji ta. "Na ɓoye shi a bakina don kunya, na bar wa gari. Tunda gari sun jefar, ni na tsinta. Ukasha, tashi ka ɗebo min ruwa."

Da ya kawo ruwan ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ba su ji muryata ba ne. Ranar da aka ba ni magana a fim, suka ga fuskata, sunan nan da kansa zai faɗi."

"To su ba ka da wuri," ta ce.

Ba su ba shi ba. Labari ya bazu a wurin 'yan fim cewa akwai wani mutum a kudancin jiha da ba ya tsoron likkafani, kuma in ya kwanta ba a sake ɗauka. Duk wanda ya zo yankin da gawa a labarinsa sai ya aika a kira shi. Ya mutu a wani gidan gona a Kiru. Ya mutu a bakin titi a Bebeji, an watsa masa jan ruwa. A duwatsun Riruwai 'yan fashi suka harbe shi tun kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa. Kowane zuwa sai ya ja darakta gefe ya ce ko kalma ɗaya ce a ba shi, ko salati ne kafin ya cika. Kowane darakta yakan dafa kafaɗarsa ya ce a fim na gaba.

In ya dawo, Luba matarsa takan ajiye masa tuwo ta ce, "Sannu da zuwa, Baban Jannatu. Yau kuma wa ya kashe ka?"

"Ciwon zuciya."

"Ai gara. Wancan karon da wuƙa ne sai da na kwana biyu ina dirzar rigar."

Tana faɗa tana dariya, amma dariyar ta ƙare ranar da Jannatu ta dawo daga makaranta da sabon hijabi da takalmi tana kuka. Wani sabon malami ya ji yara suna ce mata 'yar Marigayi, sai ya ware ta cikin marayu da aka zo rabon kaya. Ta ce ubanta na nan da rai, yara suka ce ƙarya take, sun ga an binne shi. Luba ta ninke hijabin ta ɗora masa a cinya.

"Ga kayan marainiyarka. Kai za ka mayar, ni ba zan iya ba."

Ya mayar. Ya daɗe a tsaye a ofishin yana yi wa malamin bayanin cewa shi ne mamacin.

Daga nan ya ce ya daina. Ya sayi baro ya kama sayar da rake a tasha, in an aiko ya ce ba ya nan. Amma sunan bai san ya daina ba. Luba ba ta kama sunan miji, Jannatu Baba take cewa, sauran gari kuwa Marigayi. Ya zama duk duniya mutum ɗaya ke ce masa Ukasha, tsohuwar da ido ya fara gaza mata, wadda take kiransa da ƙarfi ko yana gabanta, don maƙwabta su ji ta katanga.

Haka aka yi shekaru, har ranar da wani saurayi mai suna Sagir ya tsaya yin faci a wurin Labaran, wanda shi ma ya dawo da rumfarsa tasha. Sagir ya yi jami'a, yana da ƙaramar kyamara a jaka, kuma ba ya aiki da manyan furodusoshi. Shi da abokansa suke haɗa nasu fim ɗin su saka a intanet. Ya ji ana kiran mai rake Marigayi ya tambayi dalili, Labaran kuwa ya ba shi labarin har da ƙari. Sagir ya ƙetaro titi ya durƙusa ya gaida Ukasha kamar ɗan gidan mutunci.

"Kawu, labarinka nake so in yi fim da shi. Mutumin da yake son zama tauraro, 'yan fim suka yi ta kashe shi. Su nake so in tona. Barkwanci ne, amma irin wanda in ka gama dariya sai ka ji kunyar kanka."

"Na daina kwanciya, ɗana."

"Ai kai ne jarumin, Kawu. Daga farko har ƙarshe fuskarka ce. Kuma a ƙarshe gawar za ta tashi zaune ta faɗa musu gaskiya. Kai za ka tsara maganar da bakinka."

Sagir ya faɗi barkwanci, ba a ce bai faɗa ba. Ukasha dai jarumi ya ji, da fuska, da magana. Wuƙar raken ma a kan baro ya manta ta ranar.

Ya koma wa masararsa. Da damina ta zo ta yi nisa, kara ya fi shi tsawo, ya shiga tsakiya yana gwada magana yana zubarwa. Da yamma ya zauna kusa da tabarmar Inna yana maimaitawa ƙasa-ƙasa.

"Ukasha, da wa kake faɗa?"

"Sun ba ni magana, Inna."

"Sai yanzu? To ka buɗe baki sosai. Kada ka yi musu irin maganar ubanka, ta cikin hanci."

A Burumburum aka ɗauki fim ɗin, a bayan gonarsa. Liman ya hana makarar masallaci, sai kafinta ya haɗa wata. Sagir yana da wata ɗabi'a da Ukasha bai lura da ita ba: in ya ce kat, ba ya kashe kyamara. A fitowar farko an naɗe Ukasha, an sa masa auduga a hanci, masu makoki suna ta kuka. Aka ce kat. Shekara da shekaru yana kwanciya ana nuna ƙafarsa, don haka abin da ke ransa ya riga shi fita. Ya ɗago kai daga likkafani, auduga na reto, ya tambaya da wata 'yar siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba:

"Darakta, an ɗauki fuskata?"

Ma'aikatan suka fashe da dariya. Sagir ya ce, "An ɗauka, Kawu, kwanta." Ukasha ya yi murmushi ya koma.

Ranar ƙarshe aka zo kan maganar. Ya tashi zaune a makara, ya zare audugar, ya dubi kyamara kamar yadda ya saba duban masara.

"Sunana Ukasha. Uwata tana raye, tana jina. Kun kashe ni a ruwa, kun kashe ni a titi, kun kashe ni a kan dutse, ban taɓa motsi na ɓata muku aiki ba. Wanda ya kashe ni kun ba shi waƙa. Wadda ta yi min kukan ƙarya kun sa hotonta a bango. Ni kun tambaye ni ko ina jin zafin ƙasa? Ba tauraro nake roƙo ku mai da ni ba yanzu, na tsufa. Ku dai kira ni da abin da aka raɗa min, sau ɗaya, in amsa, sannan ku rufe ni."

Ya ci gaba, muryar alƙalin firamare ta dawo masa gaba ɗaya. Da ya gama ba wanda ya yi motsi. Yarinyar da ke riƙe da sandar makirfo ta goge ido da gefen mayafi. Sagir ya zo ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Kawu, ka gama da mu."

Fim ɗin ya fito bayan an fara cin sabuwar masara. Mai gidan kallon tasha ya ce zai haska bayan la'asar. Ukasha ya sa babbar riga, ya zauna a bencin gaba kusa da Labaran. Sagir bai yi ƙarya ba, fuskarsa ce ta cika talabijin. Ga shi yana bin daraktoci da roƙo, ga shi yana gyara kwanciya. Aka kashe shi na farko, aka yi kuka, aka ce kat, sai ga kansa ya ɗago da auduga a hanci.

"Darakta, an ɗauki fuskata?"

Rumfar kwanon ta kusa tashi don dariya. Aka kashe shi na biyu, aka sake sako wannan wurin. Na uku ma haka. Kafin tsakiyar fim 'yan kallo sun haddace, suna riga shi faɗa. Ukasha ya riƙe gwiwoyinsa ya ce a ransa ba komai, su yi, maganar tana tafe.

Ta zo. Gawa ta tashi zaune, ta zare auduga, ta dubi kyamara. Ya ga kansa ya ja numfashi, ya buɗe baki. Sai wata murya daga gefe ta daka tsawa: "Kat! Gawa ba ta magana!" Talabijin ya yi baƙi. Sunaye suka fara hawa, na farko da manyan baƙaƙe: MARIGAYI.

Mutane suka miƙe suna tafi. Labaran yana share hawayen dariya yana dukan bayansa. "Mutumina, ka ci gari! Wallahi ka ci gari!"

Ya zagaya bayan rumfa ya kira Sagir a waya.

"Ina maganata?"

"Kawu, ai nan ne zuciyar fim ɗin. Na gwada da ita, na gwada babu ita. In na bar ka ka yi magana, sai mai kallo ya samu sauƙi ya tafi gida. Ni so nake ya ji abin da suka yi maka."

"Su abin da suka yi min kenan. Kai fa?"

Sagir ya ce, "Kawu, ka san mutum nawa suka kalla? Har daga waje ana yi min magana. Manyan nan duk sun ji kunya, wallahi."

"Sunana fa? Shi ma gwadawa ka yi babu shi?"

"Ai da wancan aka san ka, Kawu. Don mutane su gane."

Ukasha ya kashe wayar. Kafin ya kai inda ya ajiye babur, wasu 'yan kwandasta sun toshe hanci da yatsu suna tambayar juna ko an ɗauki fuskarsu.

A gida Inna tana kan tabarma, ta juyo da kunne jin sallamarsa.

"Ukasha, sun ji muryar taka?"

"Sun ji, Inna."

"Me ka ce musu?"

Ya zauna a ƙasa gabanta, da babbar rigarsa, ya yi mata maganar tun daga "Sunana Ukasha" har ƙarshe, bai rage ko harafi ba. Luba ta tsaya da tankaɗe a ƙofar madafi. Jannatu, wadda ta riga ta ga fim ɗin a wayar ƙawarta, ta shige ɗaki ta saki labule.

"Madalla," in ji Inna. "Ka buɗe baki. Yanzu sai su bar maka sunanka."

Ba wanda ya gaya mata an yanke maganar a fim ɗin. Da kaka, ana tsakiyar sussukar masara, ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba.

Jama'a sun taru sosai, don Kaltume ta yi zaman lafiya da kowa. Aka yi mata salla a ƙofar gida. Ukasha ya shiga gaba ya sa kafaɗa a makara, ta masallacin, wadda aka hana shi kwanciya a kai. A hanyar maƙabarta iska ta ɗaga gefen mayafin da aka rufa, ya sa hannu ya gyara wajen kanta. A bayansa, cikin samari, wani ya yi raɗa da siririyar muryar nan ta fim. Ba da ƙarfi ba. Amma Ukasha ya ji, na kusa da shi ma sun ji. Wani ya yi tari don ya danne abin da ya taso masa. Wani ya rufe baki da hula. Makarar ta ɗan girgiza a kafaɗar mutumin da ke gefensa, mutumin kirki, mai jikoki, wanda yake ta cije leɓe yana istigfari.

Ukasha bai waiga ba. Bai kuma bar wa kowa kafaɗarsa ba har bakin kabari, ko da aka yi ta miƙo hannu a karɓe shi.

Da aka gama rufewa liman ya ɗaga hannu, dattijon da bai taɓa shiga gidan kallo ba. Ya ce, "Jama'a, mu yi wa baiwar Allah addu'a, Kaltume, mahaifiyar Marigayi." Bai ma san ya faɗa ba. Aka ce amin.

Bayan an share makoki Sagir ya kira ya yi ta'aziyya, cikin ladabi, ya ce mutane suna ta neman kashi na biyu, in Kawu ya huta sai su zauna. Ukasha ya ce ya ji, ya gode.

Yana nan a gindin dalbejiya. Kasuwa ta buɗe masa, ba a musu. Motocin Jos suna rage gudu a gabansa, fasinjoji su leƙo su ɗauke shi a waya, wasu su roƙe shi ya faɗi kalmar nan. Ba ya faɗa. Yakan kankare rake ya yanka ya ƙulla a leda ya miƙa. Ya daina yi wa masara magana, ma'aikatan fadama sun ce yanzu in ka wuce gonarsa ƙarar fartanya kawai za ka ji.

Kwanan baya wata mata mai goyo ta sauko daga mota ta sayi rake. Baƙuwa ce, ba ta ga fim ɗin ba. Ta ji abin da ake kiransa ta yamutsa fuska.

"Subhanallahi. Baba, wannan wane irin suna ne? Mene ne sunanka na gaskiya?"

Ya tsaya da wuƙar. Ya dube ta, ya ja numfashi, ya buɗe baki.

"Marigayi!" Labaran ya ƙwalo daga ƙetaren titi. "Miƙo min guda mai zaƙi, maƙogwarona ya bushe!"

Direba ya danna ham, matar ta juya da gudu tana gyara goyo.

"Na'am," in ji shi. Ya zaɓi kara ɗaya ya fara kankarewa.